Soket Ya Yi Baƙi, Firji Yana Ja: Laifin Wuta Ne Ko Na Cikin Gida?

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Gidan haya muke zaune a Kano, ɗaki biyu da falo. Tun shigowar sanyi nake jona hitar dafa ruwa da asuba a jikin ekstenshin ɗin falo, inda talabijin da cajojinmu suke, wani lokaci har da dutsen guga idan ina shirya yara makaranta. Kwanan nan na ga bakin soket ɗin bango ya yi baƙi, filogin ekstenshin ya fara narkewa, ga ƙauri. Maigida ya yanke filogin ya cusa wayoyin haka nan ya tokare su da ashana, ya ce wutar NEPA ce ke zuwa da ƙarfi. Sannan firjinmu idan na taɓa shi ba takalmi yana ɗan ja na. Ina da yaro mai rarrafe. Shin canza soket kawai ya isa, ko akwai abin da ya fi haka?"

Wa alaikumus salam Malama, Allah Ya raya mana yaron. Abu uku kika haɗa a tambaya ɗaya: soket da ke zafi har ya ƙone, wayoyi tsirara da aka tokare da ashana, da firjin da ke jan mutum. Kina son sanin ko sabon soket zai kashe maganar. Ba zai kashe ba. Canza shi dole ne, amma idan aka tsaya a nan, kafin sanyin bana ya fita sabon ma zai yi baƙi.

Akwai abin da ba zai jira gobe ba. A je allon wuta a sauke babban makunni, a zare wayoyin nan da ashanar, a kashe makunnin soket ɗin, a rufe bakinsa da salatif, kada a sake jona ko caja a cikinsa sai mai gyara ya zo. Firjin ma a cire shi daga wuta. Na san akwai cefane a ciki, amma ke da kike tsaye kin ji ɗan ja ne kawai. Yaron da ke da gwiwa da tafin hannu a kan siminti, ga yawu a hannu, idan ya dafa ƙofar firjin don ya miƙe, wutar za ta sami hanya a jikinsa fiye da yadda ta samu a naki.

Daga ina zafin yake fitowa

Bari in fara da maganar maigida, don ba duka ta faɗi ƙasa ba. Wutar da KEDCO, kamfanin rarraba wuta na Kano, ke kawo muku a ƙa'ida bolt 230 ce, takan ɗan hau takan ɗan sauka. Idan ta hau, hita na ƙara jan wuta, soket ya ƙara ɗumi, wannan gaskiya ne. Sai dai wutar da ta zo da ƙarfin da ya wuce kima ba ta zaɓen soket ɗaya. Ƙwayayen fitila ke fara haske mai kashe ido su mutu, caja ta yi ƙara, talabijin ta yi hayaƙi, da safe kuma ki ji maƙwabtan da kuke layi ɗaya suna irin wannan kukan. Hakan yakan faru idan wayar nitiral, wadda wuta ke komawa ta cikinta, ta tsinke a kan falwaya ko a tiransifoma, sai wutar da ke shiga wasu gidaje ta doshi bolt 400. Ke kuwa soket ɗaya ne ya ƙone, kuma shi ne wanda ake ɗora wa hita da guga. Mai laifin yana cikin falon.

Soket mai ramuka uku masu kusurwa, irin na yawancin gidajenmu, an yi shi ne ya ɗauki amfiya 13, amfiya kuwa ita ce awon yawan wutar da ke bi ta waya. A ninka 13 da 230, a sami kusan wat 3,000. Wannan ne iyakar abin da soket mai kyau, sabo, ɗaurarre tamau, zai iya ɗauka. Yanzu mu yi lissafin asubarki. Hitar bokiti yawanci wat 1,000 zuwa 1,500 ce, akwai masu kai 2,000. Dutsen guga ma daga 1,000 yake zuwa 2,000. Talabijin da dikoda da cajoji, duka a haɗa, da ƙyar su kai 150. Kin ga ba su ne matsalar ba. Duk kayan da aikinsa samar da zafi ne, shi ke shan wuta: hita, guga, butar lantarki, rishon lantarki, tukunyar shinkafa, na'urar busar da gashi. Hita mai 1,500 da guga mai 1,200 kaɗai sun kusa amfiya 12. Ki juya gindin kowane kaya, za ki ga adadi da harafin W a gabansa, wannan ne wat ɗinsa, kuma lissafin da kowa zai iya yi ne da kansa.

Za ki ce ai 12 bai kai 13 ba, me ya ƙona shi? Na farko, ba soket ɗin kaɗai ke ɗauke da kayan ba, ekstenshin ne a tsakani. Yawancin masu araha da ake yawo da su a baro an rubuta musu 13A a jiki, wasu har da 3000W, amma idan aka fere wayar sai a tarar da 'yan silaye ƙalilan, robar ce ta yi ƙiba. Wayar da za ta ɗauki amfiya 13 lafiya sai kaurin jan ƙarfenta ya kai 1.25 ko 1.5 a awon da muke yi wa waya. Mai 0.75 iyakarta amfiya 6. Na sha yanka waɗanda ko 0.5 ba su kai ba. Wasu ma ba jan ƙarfe ba ne, alminiyam ne aka shafa wa ja, a kankare da wuƙa a ga fari fat. Araha ba ta ado, a harkar waya kuwa har gobara take jawowa.

Na biyu, kuma shi ne ainihin abin da ya yi wa soket ɗinki baƙi, shi ne mahaɗa. Wuta ba ta yin zafi sosai a tsakiyar waya mai kauri. Inda ƙarfe ya haɗu da ƙarfe take yi: inda haƙorin filogi ya shiga maƙallin tagulla da ke cikin soket, inda noti ya danne waya, inda fis ya zauna a mazauninsa. Idan mahaɗar ta kama tamau, wuta ta wuce salin-alin. Idan ta yi sako-sako, duk amfiya 12 ɗin nan sai sun kutsa ta wani ɗan wurin da bai kai ƙwayar gero ba. Ki ɗauka mata ne suka taso daga gidan biki gaba ɗaya, ƙofar zaure kuma rabi aka buɗe. Turereniyar da za a yi a bakin ƙofar ita ce zafin. Kuma zafin ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da yawan wutar, tsalle yake yi. A ninka wutar sau biyu, zafin ya ninka sau huɗu. Shi ya sa soket ɗin ya shekara yana ɗauke da talabijin ba ki taɓa jin komai ba, hita na zuwa ya tona asirinsa.

Daga nan kuma abin ci gaba yake yi da kansa. Zafi yana kashe ƙarfin maƙallin tagullar, ya daina matse haƙorin filogi. Yana kuma sa ƙarfen ya yi baƙi, baƙin nan ya ƙara hana wuta wucewa, zafin ya ƙaru, maƙallin ya ƙara saki. Robar da ta ƙone ta zama gawayi, gawayi kuwa yana ɗaukar wuta, har ta fara tsallakawa daga wannan rami zuwa wancan tana ƙarar "zzz". Idan na kwance irin wannan soket ɗin, kusan kullum abu ɗaya nake gani: robar wayar da ke baya ta bushe tana farfashewa a yatsa, jan ƙarfen ya yi baƙi-ƙirin, notin kuma da sukundireba ta taɓa shi sai ya juya ba gardama, alamar tun ranar da aka yi wayarin ba a ɗaure shi da kyau ba. Saboda haka soket da ya yi baƙi ba a goge shi a ci gaba da amfani. A canza shi, a canza filogin da ya ƙone tare da shi, don tsohon filogi mai baƙin haƙori zai lalata sabon soket cikin 'yan makonni. A kuma yanke ƙonannen bakin wayar bango har sai an kai inda jan ƙarfe ke ƙyalli.

Hanyar gane matsala tun kafin ta yi ƙauri ba ta da wuya. Bayan hita ko guga ta yi minti goma tana aiki, a kashe, a zare filogin, a taɓa jikinsa. Ɗan ɗumi ba komai. Idan hannu ba zai iya riƙe shi ba, akwai magana. Haka filogin da ke zamewa da kansa, ko wanda sai an karkata shi ko an tokare shi da takarda kafin wuta ta kawo.

Filogin da aka yanke

Da maigida ya yanke filogin, abu uku ya zubar ba ɗaya ba. Wannan filogi mai haƙora uku daga Ingila muka gaje shi, can aka fito da shi a 1947, kuma ko a yau yana cikin mafi aminci a duniya idan aka bar shi yadda aka ƙera shi. A cikinsa akwai fis, ɗan ƙaramin bututun nan mai ƙarfe a baki biyu, wanda aikinsa shi ne ya tsinke idan wutar ta wuce abin da wayar za ta iya ɗauka. Akwai mai amfiya 3, rubutunsa ja, na ƙananan kaya irin su fitila da rediyo. Akwai mai 13, rubutunsa ruwan ƙasa, na guga da buta. Sannan akwai dogon haƙorin sama, wanda shi ne na wayar ƙasa, da muke kira at. An tsawaita shi da gangan, ya riga sauran shiga ya kuma zama na ƙarshen fita, kuma shi ke ture wata 'yar ƙofa da ke rufe ramuka biyu na ƙasa. Na uku shi ne madannin da ke riƙe wuyan waya, don idan an fizge ta kada nauyin ya faɗa kan notin.

Waya tsirara da ashana ba ta da ko ɗaya cikin ukun. Mahaɗarta ita ce mafi muni da za a iya samu, 'yan silaye ne kawai ke taɓa ƙarfen, ga itace busasshe a manne da wurin da ke zafi. Yaro ya ja wayar ta fito, bakinta yana nan kusa da ramin, rabi ciki rabi waje. Filogi mai kyau bai kai kuɗin katin waya na mako ba, ban ga dalilin wannan kasada ba.

Ɗanuwan wannan aiki shi ne naɗe fis da ya tsinke da takardar azurfa ta kwalin sigari, ko da silin waya. Fis ba ya tsinkewa don wasa. Wanda ya naɗe shi ya cire mai gadi ne kawai, ranar da abin ya sake faruwa wayar ce za ta zama fis, ita kuma tana ƙarƙashin kafet.

Sai filogi mai haƙora biyu zagayayyu, irin na kayan da ke shigowa daga Nijar ko Kamaru, inda tsarin Faransa ake bi, da na cajoji da fankoki da yawa. Kowa ya san yadda ake yi: a soka murfin biro ko makulli a ramin sama, a buɗe ƙofar, a danna filogin da ƙarfi. Zagayayyen haƙori a rami mai kusurwa ba ya zama daidai, tazarar haƙoran ma ba ɗaya ba ce, don haka yana buɗa maƙallin ya bar shi a sake, filogin kirki ya zo daga baya ya tarar ba abin da zai kama shi. Abin da ya fi damuna ma shi ne yara suna kallo. Yaron da ya ga babba yana soka makulli a soket, shi bai san bambancin ramin sama da na ƙasa ba. Magani shi ne adafta mai fis a ciki, ko a yanke filogin a sa mai haƙora uku. Su kuma sokitocin nan masu karɓar kowane irin filogi, da suka cika kasuwa, na yarda da su don caja da talabijin, ban yarda da su don hita ba, domin ramin da aka yi don ya dace da kowa ba ya matse kowa. A kuma lura, adafta siffar baki kawai take canzawa. Kayan gwanjo na Amurka da aka rubuta wa 120V kaɗai, ko da adafta aka jona shi zai ƙone.

Idan maigida zai ɗaura sabon filogi da kansa, ba wani abin wuya ba ne. Ya buɗe murfin, haƙoran suna kallon ƙasa. Waya mai ruwan ƙasa, ko ja a tsohon launi, ita ce mai wuta, tana zuwa dama inda fis yake. Shuɗiya, ko baƙa a tsohon launi, ita ce nitiral, tana zuwa hagu. Mai kore da ɗorawa tana zuwa sama, kuma ita ake bari ta fi tsawo, don ko an fizge wayar ita ce ta ƙarshen cirewa. A murɗe silayen kada ko ɗaya ya leƙo, a ɗaure noti tamau, madannin ya danne robar waje ba ƙananan wayoyin ba. Wannan nake ganin kowane magidanci ya iya. Abin da ke cikin bango kuwa a bar wa mai sana'a.

Firjin da ke ja

Wannan ya fi soket ɗin tayar mini da hankali, don soket yana gargaɗi da ƙauri, firji ba ya yi. Jan da kike ji yana nufin akwai wutar da ke yoyo zuwa jikin ƙarfen firjin, kuma ba ta sami hanyar zuwa ƙasa ba sai ta jikinki. Akwai ɗan yoyon da wasu kaya ke yi ko lafiyarsu lau, irin ɗan tsikarin da ake ji a jikin kwamfuta ko bayan dikoda. Akwai kuma wanda ke nuna robar wata waya ta cinye, ko ɓera ya gwaguye ta, ko injin firjin ya fara lalacewa daga ciki. Da hannu ba a bambance su, kuma daga nan inda nake ni ma ba zan iya ba, sai an sa na'urar awo. Abin da zan iya cewa kai tsaye shi ne, da at ɗin gidan yana aiki, da ba ki ji komai ba. Ko dai yoyon ya bi wayar ƙasa ya tafi, ko idan babba ne ya tsinka fis ko ya sauke bireka, makunnin nan na allon wuta mai sauka da kansa idan wuta ta yi yawa.

To ina at ɗin ya tafi? Wani lokaci a filogin firjin aka cire shi, ko aka jona firjin a ekstenshin mai waya biyu kacal a ciki duk da ramukansa uku ne. Amma a gidajen haya da dama da na shiga, ramin sama na soket ado ne kawai. A kwance a ga waya biyu, ja da baƙa, ta ukun ba a ma saye ta ba. Wani gidan an ja wayar amma ba a kafa sandar ƙarfen da za ta shiga ƙasa ba. Wani an kafa, amma gajeriya ce a busasshen yashi. Ƙasarmu ta Arewa da rani takan bushe ƙwarai, at ɗin da ya yi aiki da damina sai ya raunana a hunturu da bazara, shi ya sa ake neman wuri mai laima, a zurfafa, wani lokaci a kafa sanda fiye da ɗaya a haɗe su.

Akwai wata dabara da wasu masu gyara ke yi wadda nake roƙon kada ki yarda da ita: su ɗauko guntuwar waya su haɗa ramin at da nitiral a bayan soket. Jan zai ɗauke nan take, a biya su a yi godiya. Amma ranar da nitiral ta tsinke, ko aka juya wayoyi a falwaya wajen gyara ko canza layi, jikin firjin gaba ɗaya zai ɗauki cikakkiyar wuta.

Mutane da yawa suna ɗauka tunda akwai bireka a gidan, an tsira. Bireka waya take karewa, ba mutum ba. Wadda ke kan layin soket amfiya 20 ce ko 32, ba za ta sauka ba sai wutar ta wuce haka. Mutum kuwa, kashi 10 zuwa 15 cikin 1,000 na amfiya ɗaya ya isa ya sa hannunsa ya ƙanƙame ya kasa saki, kashi 50 cikin 1,000 idan ya ratsa ƙirji yana iya rikita bugun zuciya. Mutum zai mutu bireka ba ta ma san ana yi ba. Abin da ke kare rai wata na'ura ce dabam, a kasuwa RCD ko RCCB ake ce mata, wasu su ce ELCB. Tana auna wutar da ta fita da wadda ta dawo, da ta ga sun bambanta sai ta yanke kafin ƙiftawar ido. Ta gida dole a ga an rubuta 30mA a jikinta. Masu 100 ko 300 don kare gini daga gobara ne. Tana da maɓallin gwaji mai harafin T, a riƙa danna shi lokaci-lokaci a ga ta sauka. Idan da kuɗin abu ɗaya kawai gare ku, ni wannan zan ce a fara saye. Sai dai a sani, a gidan da wayarinsa ke yoyo za ta riƙa sauka, kuma a nan ne wasu ke gajiya su ce a cire ta. Ba ita ce ta lalace ba, gaskiya take faɗa.

Hita, ɗaukewar wuta da mai rarrafe

Hitar bokiti ba ta da kunya. Ba a sa hannu a ruwa don a ji ko ya yi zafi tana jone, ko da makunni a kashe yake, don a gidan da aka juya wayoyi makunnin nitiral yake yankewa, mai wutar tana nan. A zare filogi tukuna. A sa ta cikin ruwa kafin a jona, a zare kafin a fitar, kada kuma ta jingina da jikin bokitin roba. Bokitin ya kasance inda yaro ba zai kai ba, don ko ba wuta, tafasasshen ruwa ne. A jona ta kai tsaye a soket na bango, ita kaɗai, guga ta jira ta gama. Idan ruwan zafi na kullum ne, a sa mai gyara ya ja mata layinta daga allo da waya mai kauri 2.5 ko 4, da birekarta.

Gobarar da na fi gani a lokacin sanyi ba ta soket mai ƙauri ba ce, ta ɗaukewar wuta ce. Ana cikin guga ko dafa ruwa a ɗauke, a bar kayan a jone a fita, a kawo wuta ba kowa a gida. Ruwan ya ƙone, bokitin ya narke, ko gugar ta cinye zanen da take kai. Ki mayar da shi al'ada: da an ɗauke, kafin ma a nemo tocila a yi wani abu, a zare duk abin da ke zafi. Firji da talabijin kuma akwai 'yar na'urar kariya da ake sa musu, mai jinkirta musu wuta na 'yan mintoci bayan an kawo, tana kuma yankewa idan wutar ta hau ko ta faɗi sosai. Wuta mara ƙarfi ma tana ƙona injin firji.

Idan kuna da janareta, a tabbata ta canjoba yake shiga gidan. Wayar nan mai filogi a baki biyu, da ake soka ɗaya a inji ɗaya a soket, haƙoranta tsirara suke da wuta a hannun mai riƙe da ita, tana kuma iya mayar da wuta kan layi ta kashe ma'aikacin da ke kan falwaya.

Game da yaron, soket na bango mai kyau, mai ƙofarsa a rufe, ba shi ne abin tsoro ba. Yatsa ko ƙusa ba za su shiga ramukan ƙasa ba. Abin tsoro yana ƙasa tare da shi: ekstenshin a kan leda, mai jar fitilar da ke jan hankalinsa, wanda yawanci ba shi da ƙofa, ga kofin shayi ko fitsari na iya zuba a ciki. A rataye shi a bango sama da inda hannunsa zai kai. Kada waya ta bi ƙarƙashin kafet ko katifa ko ƙafar kujera, kada a jona ekstenshin a jikin ekstenshin. Caja da ba a amfani da ita a zare, don bakinta baki yake kai wa, kuma caja ta jabu tana iya sako wutar bango ta wannan siririyar wayar.

In Allah Ya kiyaye wuta ta kama wani, kada a taɓa shi da hannu. A sauke babban makunni, shi ya sa kowa a gidan har manyan yara ya kamata ya san inda yake, kuma kada a tare gabansa da kaya. In ba a kai gare shi ba, a ture wayar da busasshiyar sanda ana tsaye a kan busasshen abu. Madarar da ake ɗura wa mutum ba ta da amfani a nan, wanda ya suma ma tana iya shaƙe shi. In ba ya numfashi, a fara danna ƙirji a nemi taimako. Ko ya miƙe ya ce lafiyarsa lau, a kai shi asibiti, musamman yaro ko mai ciki. Abin da ya wuce nan na likita ne. In kuma soket ya kama da wuta, a yanke wutar tukuna, kada a watsa ruwa tana jone. Busasshen yashi ya fi.

Abin da za a ce wa mai gyara

Tunda haya kuke, soket, wayar bango, at da allon wuta hakkin mai gidan ne, kuma ya fi sauƙin sauraro idan maigida ya nuna masa ƙonannen soket ɗin a hannu ya tuna masa gininsa ne zai ci wuta. A nemi mai gyaran da ya san aikinsa. Hukumar NEMSA, mai sa ido kan ingancin aikin lantarki a Najeriya, tana ba masu aikin wayarin takardar shaida, ba laifi ba ne a tambaya. Wanda ya zo da testa kaɗai a aljihu ba zai iya wannan aikin ba, testa tana nuna akwai wuta ne kawai.

A ce masa ya kwance sauran sokitocin ma, don hannun da ya ɗaura wancan shi ya ɗaura su. Ya duba ko wayar soket ta kai 2.5, ba 1.5 ta fitila aka ja ba. Ya tabbatar mai wuta da nitiral ba a juye suke ba. Ya auna at ɗin da na'ura ya nuna muku sandar da idonku. Ya auna firjin shi kaɗai, a san ko shi ne ke da ciwon. Wajen sayen kaya a je shagon da aka sani a nemi masu tambarin SON, hukumar tabbatar da ingancin kaya ta Najeriya, duk da tambarin ma ana buga na jabu, don haka a haɗa da hannu: soket na kirki yana da nauyi, ƙarfen bayansa tagulla ne mai kauri, filogi yana shiga da ɗan ƙarfi ya zauna daram. In mai gidan ya ja ƙafa, akwai RCD ƙarama da ake sokawa a soket a jona kaya a jikinta, ku sa wa firjin da hitar, ranar tashi ku zare abinku ku tafi da shi.